Hukuncin Tsarki da Sallar Wanda Aka Buɗe wa Kafar Ba-haya a Ciki

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, daga Pantami a Gombe nake. An yi wa mahaifinmu tiyata, aka fito da bakin hanjinsa ta gefen ciki, aka manna masa jaka. Jibi za a sallame mu. Tun da aka yi aikin bai yi sallah ba, ya ce ba zai tsaya gaban Allah da najasa rataye a jikinsa ba. Ga shi kuma shi ke jan mu sallah a masallacin ƙofar gida. Yaya hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Tun kafin ku bar asibiti ka gaya masa sallah ba ta faɗi a kansa ba, kuma jakar ba ta ɓata ta. Sayyidina Umar ya yi sallah jini na kwarara daga sukan wuƙar da aka yi masa, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Sallolin da ya bari yana cikin hayyacinsa zai rama su a jere, gwargwadon ƙarfinsa.

Mas'alar ba sabuwa ba ce ga Malikiyya. Shehu Halilu, mai littafin Muhtasar, ya ambaci ƙofar da ta buɗe a ƙasan tumbi: idan mafitar fitsari da ta ba-haya duka sun toshe, abin da ya fito ta nan yana warware alwala, idan ba su toshe ba akwai zance biyu. Hanyar fitsarin Baba tana aiki, don haka ya faɗa wurin saɓanin. Abin da na rinjayar shi ne kafar ta tsaya a matsayin dubura, tunda ba-haya ya daina bin hanyarsa. Sai dai wannan kafa, wadda likitoci ke kira sitoma, ba ta da tsokar da ke matsewa, ba ya iya riƙe komai, sau da yawa ma bai san ya fito ba. Wannan shi ne salasu, hukuncinsa ɗaya da na mai yoyon fitsari da mai istihala.

A nan ne nau'in aikin yake da tasiri, don haka ku tambayi likita wane hanji aka fitar. Idan ƙaramin hanji ne, wanda galibi ake fitarwa a dama, abin yana zuwa ruwa-ruwa kusan ba yankewa. Abin da ya lizimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala, ana dai so ya sabunta ta ga kowace sallah in ba wahala. Idan babban hanji ne, galibi a hagu, bayan makonni yakan daidaita ya riƙa fitowa sau ɗaya ko biyu a yini. To in ya kai haka, yankewarsa ta fi zuwansa yawa, fitowarsa tana warware alwala, sai ya kirdadi lokacin da cikin ya lafa ya yi alwala da sallah. Najasar da ke cikin jakar kuwa an yi masa rangwame a kanta, domin abin da ke zuwa kullum kuma yake da wuyar kiyayewa yafaffe ne. Ba a ce ya canza jaka ga kowace sallah ba. Masu yin haka saboda waswasi suna saɓule fatar cikinsu, su ƙarar da jakar wata guda cikin mako, alhali ba araha gare ta ba.

Abin da ake so shi ne ya zubar da abin da ya taru kafin alwala. Ko ba don sallah ba, ƙa'ida ita ce a juye idan ta kai kashi 1 cikin 3, kada ta wuce rabi, don nauyi yana ɓamɓare mannin. A sujada jaka tana matsewa tsakanin cinya da ciki, cikakkiya kuwa a nan take yoyo. Idan ɗinkin bai warke ba ya yi a zaune ya yi nuni, bisa hadisin Imrana ɗan Husaini mai ciwon basir da Buhari ya ruwaito. Mai Risala kuma ya ba mai ciwon ciki damar haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha'i, ta farko a ƙarshen lokacinta, ta biyu a farkon nata.

Koyon kula da jakar yana hawa kanku, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Kada ku fito sai Baba da mutum ɗaya daga cikinku sun canza ta da hannunsu a gaban nas. Matarsa ta fi dacewa, amma in babu sai kai, lalura ta halatta kallon iyakar wurin. Ana canzawa duk kwana 3 zuwa 5, ko nan take in ta fara yoyo ko fata ta fara zafi, kuma da safe kafin karyawa ya fi sauƙi. A wanke da ruwan ɗumi kawai, a bar wurin ya bushe sarai. Kada a shafa man kaɗanya ko basilin, manni ba ya kama fata mai maiƙo. Ramin faifan da ake mannawa a yanka shi ya ɗara kafar da milimita 2 zuwa 3: in ya yi faɗi ba-haya ya ci fata, in ya matse ya yanki hanjin. A riƙa sake aunawa, domin kumburin yana ta sauka har makonni 6 zuwa 8. Cikin waɗannan makonni kada ya ɗauki kaya mai nauyi, ko bokitin ruwa, don kada hanji ya turo ta gefen kafar. Wanka ba ya cutar da jakar. A wankan janaba ya shafi saman faifan kamar mai ɗaurin karaya.

Lafiyayyiyar kafa ja ce mai damshi, kamar cikin kunci. In ta yi baƙi ko shuɗi, ko ta daina fitar da komai ga amai da murɗa, a koma asibiti a lokacin, ko da ana tada iƙama. Gyaɗa, aya da gasasshiyar masara suna iya toshe ƙaramin hanji, a bar su a farko, sauran abinci a tauna sosai.

Azumi: mai kafar ƙaramin hanji yana zubar da ruwa da gishirin jiki da yawa, musamman a zafin Gombe. Idan abin da ke fita ya haura lita ɗaya da rabi a yini, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, ƙoda na cikin haɗari, ruwan gishiri da sukari yake buƙata, kuma shan azumi ya zama wajibi a kansa. In kafar ta wucin gadi ce ya rama bayan an mayar da hanjin. In ta dindindin ce kuma amintaccen likita ya ce ba zai iya ba, ya ciyar da mudun Annabi ɗaya kan kowace rana.

Limanci kuwa, an karhanta mai salasu ya ja masu lafiya, amma sallar ta inganta. Ya gabatar da wani, ya tsaya a sahu, kusa da ƙofa in hakan ya fi masa natsuwa. Wallahu a'alamu.