Gonar gado da ba ta da takarda: shin gwamnati za ta iya ƙwace ta?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gonar gandu a wani ƙauye kusa da Zariya, wadda shi ma ya gada daga kakanmu, kuma ba mu da ko takarda ɗaya a kanta. Wani dillali ya ce mana duk gonar da ba ta da shaidar mallaka, ta gwamna ce, gara mu sayar tun kafin a ƙwace. Hankalin mahaifiyarmu ya tashi ƙwarai. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya kyauta namu zuwan. Malam, ka kwantar wa Hajiya da hankali, kada ku sayar.

Wannan magana ta dillalai ina jin ta kusan kullum, kuma ta raba gidaje masu yawa da abincinsu. Gaskiya ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amma dokar ta ce ya riƙe ta amana domin amfanin jama'a, kuma wannan kalma ta amana ita ce dillali yake haɗiyewa. Sashe na 36 na dokar ya ce wanda yake riƙe da gona a karkara yana noma ta tun kafin dokar ta fara aiki, ana ɗaukarsa tamkar ƙaramar hukuma ta riga ta ba shi izinin riƙe ta bisa al'ada, ko da bai taɓa taka sakatariya ba. Wannan haƙƙi ana gadonsa. Saboda haka hujjarku tana nan a fili: gambar da kakanku ya dasa a kan iyaka, kukar da ke tsakiyar gona, maƙwabtan da suka ga mahaifinku yana kai taki shekara da shekaru, da dagacin da ya san tarihin wurin. Kotuna suna karɓar irin wannan shaida.

Abin da yake ƙona mini rai shi ne yadda ake shirya abin. Dillali ya ji ƙishin-ƙishin za a fitar da hanya ko gari ya kusa cimma ƙauyen, sai ya zo da La'asar ya zauna a zaure, ya tsorata marayu da sunan gwamnati, ya saya da kuɗin da ba su kai na buhunan masarar damina biyu ba, sannan ya yanka fulotai ya sayar ninkin ba ninki. Bayan shekara guda sai ka ga masu gonar jiya suna ƙodago a gonar wani. In da gaske gwamnati za ta ƙwace, me ya sa shi yake rawar jiki ya zuba kuɗinsa? Ku yi masa wannan tambaya a gaban mutane. Wanda ya ci dukiyar maraya da ƙarya ya sani akwai ranar da babu dillanci a cikinta.

Gwamnati tana iya karɓar gona domin aikin jama'a a ƙarƙashin sashe na 28, amma sai ta ba da sanarwa, kuma sashe na 29 ya wajabta diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-gine.

Duk da haka ban ce ku zauna haka ba, domin banki ba ya ba da rancen injin ban-ruwa da shaidar baki, kuma manomi ba ya sakin jiki ya haƙa rijiya ko ya dasa mangwaro a gonar da yake ɗar-ɗar da ita. Ku fara raba gado a gaban alƙali, a fitar da rabon mahaifiyarku da na 'yan'uwanku mata a rubuce. Sannan ku kira mai safiyo ya auna a gaban maƙwabta da mai unguwa, ku kai wa ƙaramar hukuma zanen ku nemi a yi muku rajista. Za ku sha "je ka dawo" a ofis, amma ku daure, kuma duk kuɗin da kuka biya ku karɓi rasit.