Hukuncin Tsayuwa Ga Tuta Da Taken Ƙasa A Sansanin Masu Yi Wa Ƙasa Hidima

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima. Kullum safe da yamma ana busa ƙaho a ɗaga tuta ko a sauke ta, kowa ya ƙame a inda yake. Wani ɗan'uwa ya ce mini wannan shirka ce. Shi ya sa nake rusunawa ina istigfari har a gama, kuma na daina bin limamin sansanin salla don na ga shi ma yana tsayawa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya saka maka da alheri bisa wannan kishi na tauhidi. Tsayuwar ta halatta. Rusunawar da ka ambata ita ce abin da za ka bari, domin Anas ya ruwaito cewa an tambayi Annabi (SAW) ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a. Ruku'u na Allah ne Shi kaɗai. Na san ba tutar kake nufi ba, amma wanda ya gan ka bai ga zuciyarka ba. Tsaya cak, kanka a sama, ka yi istigfarinka a haka.

Gaskiya ne akwai malaman da suka hana, kamar kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya, wanda ya kira abin bidi'a da koyi da kafirai. Muna girmama su, amma hujjar ba ta gamsar da ni ba. Bidi'a tana shiga abin da ake neman kusanci ga Allah da shi. Wa ka taɓa gani yana tsaya wa tuta don neman lada, ko yana roƙon ta ruwan sama? Abin al'ada ne da tsarin mulki, asalin al'adu kuwa halacci ne. Batun koyi shi ma bai tsaya ba, don tuta ba baƙuwa ba ce a Musulunci. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya riƙe tuta har aka sare hannayensa biyu, ya rungume ta da damatsansa don kada ta faɗi. Ba ƙyallen ya bauta wa ba, jama'ar da ke bayansa ya tsare. A nan gida, da tuta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya naɗa su Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubun Bauci. Hadisin da ya yi gargaɗi kan tsayuwa kuwa yana magana ne kan mai son mutane su miƙe masa don girman kai. Hukumar fatawa ta Masar ma a kan halacci take. To abin da malamai suka saɓa tsakanin halal da bidi'a, ina ɗan'uwanka ya samo masa sunan shirka?

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne limamin. Ka koma sahu tun daga sallar da ke gabanka. Ka bar jam'i saboda zato, kuma ka ɗora wa Musulmi tuhuma mai nauyi. In ka faɗa wa wasu, ka koma ka warware.

Kada ka kafa hujja da "son ƙasa yana cikin imani", wannan ba hadisi ba ne. Ayar Suratu Saba'i ta ishe ka, inda aka ce wa mutanen su ci daga arzikin Ubangijinsu su gode Masa, ga gari mai kyau ga Ubangiji Mai gafara. Na san halin da ake ciki na tsadar rayuwa da 'yan bindiga, kuma godiya ba ta hana ka faɗa wa shugaba gaskiya. Amma ka tambayi ɗalibanmu da aka kwaso daga Khartum a 2023 yadda rasa zaman lafiya yake. Idan aka tura ka makarantar ƙauye, ka shiga aji ka koyar, kada ka sayi takardar biyan alawus da cin hanci kana kwance a gida.

In faretin ya ci karo da Magariba, tsayuwar ba ta wuce 'yan mintuna, ka tsaya sannan ka wuce masallaci. In har za a riƙe ku lokaci ya fita, ku je wurin shugabannin sansanin a ƙungiyance da ladabi ku nemi a ba ku dama. Wallahu a'alam.