Yaya zan nuna mallaka da 'yar tsana?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce daga Argungu. Ina haɗa wani aiki a kan allon katako da fenti da ƙyallen atamfa da 'yan tsana biyu, mace da namiji, don nuna yadda wani ke juya wani a zaman tare. Na zana ƙaton hannu a sama riƙe da zare, amma malaminmu ya ce bai ji komai ba. Ina na kuskure?

Amsa: Ƙanwata, malaminki ya yi gaskiya. Ƙaton hannun nan kowa ya taɓa zana shi, kuma da kallo ɗaya an gama da shi. A gidajenmu mai riƙe da akala ba ya tsayawa a sama kowa na ganinsa. Wani da kuɗin cefane yake ja, wata da fushi, wani da "albarkata".

Don haka bar 'yar tsanar tukuna, koma kan zaren. Igiyar rama kowa na ganinta, ita ce ikon da ake yi a fili. Zaren lilo na fatsa, wanda ba ya wuya a garinku, sai haske ya doke shi ake lura da shi, ga shi yana yanka hannu. Wanda kuma aka yage daga zanen lefe maganarsa daban. Inda kika ɗaura ma magana ce: a wuya, a baki, ko a aljihu. Kada ki ɗame duka. Zare mai sako-sako, alhali 'yar tsanar na nan durƙushe ba ta motsa ba, ya fi tayar mini da tsigar jiki.

Sai batun mai ja. Masu wasan dabo-dabo na ƙasar Hausa ɓuya suke yi ƙarƙashin mayafi, 'yan tsana kaɗai ke leƙowa. A Bunraku, wasan 'yan tsana na Japan, mutum 3 ne ke sarrafa 'yar tsana ɗaya a gaban jama'a sanye da baƙaƙen kaya, kuma ba a jimawa ido ke mantawa da su.  Ki zaɓa: ɓoyewa, ko bayyanar da aka saba da ita har aka daina gani.

Da ni ne, goge hannun zan yi. In kafa zobe a saman allon, in zura zare ɗaya ta ciki, bakin zaren ɗaya a kafaɗar mijin, ɗayan a ta matar. Ɗaya ya miƙe, ɗaya ya faɗi. Ki bar 'yan kallo su ja da kansu, ki lura da wanda kowa ke fara ɗagawa.

Ki sa ɗan dutse a ƙafafunsu, don marar nauyi lilo kawai take yi. In da kara za ki yi su, kamar na yarinta, ki shafa musu banish, kuma kada ki jingina allon da bangon ƙasa saboda gara.