Amsa ga 'yar uwar da fatar gefen farcenta ke tsagewa

Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce tun shigowar hunturu fatar gefen faratanki take tsagewa tana tashi siri-siri, kina cire ta da haƙori, yanzu kuma babban yatsanki ya kumbura yana zogi. Wallahi duk wadda hannunta ke wuni cikin ruwan wanki da wanke-wanke ta san wannan azabar. Hannuna irin naki ne, shi ya sa na kasa wucewa ban tanka ba.

Don Allah ki daina sa haƙori, daga yau. Abin nan da ke tashi ba farce ba ne, fata ce da ta bushe ta tsage, samanta ya mutu amma gindinta yana manne da nama mai rai. In kika ja, kamar zaren bakin zane ne, ba ya tsinkewa inda kike so, sai ya bi ƙasa yana ɓarkewa. Nan take an samu ciwo buɗaɗɗe, ga miyau cike da ƙwayoyin cuta ya shiga, ga ruwan kwanuka ya biyo baya. Daga nan kumburin yake farawa.

Ki samu ruwa mai ɗumi, wanda gwiwar hannunki za ta iya jurewa, ki tsoma yatsan minti 5 zuwa 10 har fatar ta yi laushi. Ki goge ƙaramin almakashi ko abin yankan farce da sifirit, ki datse fatar daidai gindinta, a kwance, kada ki ɗaga ta sama kuma kada ki haƙa cikin nama. In kika bar ɗan tsini, shi ne zai maƙale a hijabi ko zanin gado ya sake ɓarkewa. In jini ya fito ki danne da auduga mai tsabta har ya tsaya, ki wanke da sabulu, ki shafa basilin, ki naɗa filasta kwana ɗaya ko biyu. Filastar da ta jiƙe a canza ta, barinta a jiƙe ya fi rashinta illa. Reza kuwa ki ajiye ta, tana zamewa ta ci inda ba a aike ta ba.

Amma yatsan da ya kumbura shi ya fi tsaya mini a rai. Da rana ana daurewa, dare ne ba ya daɗi. Kowa ya yi barci, yatsa yana bugawa tare da bugun zuciya, ki sauke hannu ya ƙaru, ki ɗaga shi sama ki ɗan samu sa'ida, ko mayafi ya taɓa wurin sai kin ji har ƙwaƙwalwa. Da safe kuma ga tuwo ga yara, a ce miki ai ɗan yatsa ne kawai. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Dalilin zogin shi ne wurin a matse yake, kumburi ba shi da inda zai faɗaɗa, ga jijiyoyin ji sun taru a kan yatsa. Ki riƙa tsoma shi a ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya, minti 15, sau 3 ko 4 a rana, ki busar da shi sosai, ki shafa man kashe ƙwayar cuta irin mupirocin. Da dare ki ɗora hannun bisa matashi ya fi ƙirjinki tudu. Farasitamol yana rage zogin. In akwai zobe a yatsan ki cire shi yanzu, tun bai maƙale ba.

In kwana 2 ko 3 suka wuce babu sauƙi, ko kika ga fari ko ruwan ɗorawa ya taru a gefen farcen, mugunya ce, sai an fitar da ita a asibiti da kayan da aka tsabtace. Kada ki tsaga da allura a gida. In kuwa kan yatsan gaba ɗaya ya cika ya yi tauri, ya zama karkare, ko yatsan ya ƙi lanƙwasuwa, ko jan layi ya bi hannu zuwa sama, ko kaluluwa ta fito a hammata da zazzaɓi, ranar za ki tafi, kada ki kwana, don yana iya kai wa ƙashi. Tunda kin ce kina Birnin Kebbi, ga Asibitin Sir Yahaya nan. Mai ciwon suga kuwa ba ta jiran kwana biyun ma. In ƙananan ƙuraje masu ruwa ne suka fito a cure, wannan wani ciwon ne daban, ba a tsaga shi sam, a nuna wa likita.

Za a kawo miki shawarwari, na sani. A cusa yatsa cikin lemun tsami, a ɗiga fetur, ruwan batir, man birki, a fasa kafso a barbaɗa. Ki rufa wa kanki asiri. Ruwan batir ƙona nama yake yi, mutum ya ɗauka ciwon ne ya mutu alhali fatar ce ta ƙone, mugunyar tana nan a ƙasa.

Masu yankan farce na yawo kuwa, ina jin haushin abin da wasunsu ke yi wa mazajenmu da yaranmu. Ba yanke akaifar ne matsalar ba, wannan ƙwaƙular da suke bi gefe da gindi suna kankare siririyar fatar nan wai don ya yi tas. Ita ce fa ta toshe tsakanin farce da nama don kada ruwa da datti su shiga. An kankare ta, wurin ya bushe, bayan kwana kaɗan tsagewa ta ninku. Ga almakashi ɗaya ya zagaye tasha da kasuwa, an ɗan goga masa ruwan kumfa a soso an kama hannun wani. Ciwon hanta na B ta jini yake bi, ɗan ɗigon da ido bai gani ba ya isa. Abin yankan farce ba shi da tsada, kowa a gida ya mallaki nasa, in dole sai an kira mai yanka a miƙa masa na gida, a ce masa kada ya taɓa gindin.

Sai maganin hana tsagewar dawowa, wanda shi ne mai. Iskar nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana tsotse danshin fata, omo da sabulun soda su kwashe ɗan maiƙon da ya rage. Duk lokacin da kika gama alwala ko wanki, ki tsane hannu da tawul, tun da sauran danshi ki murza man kaɗanya ko basilin a zagayen kowane farce. Loshan mai ruwa-ruwa ba ya riƙe hannu a hunturu. Da dare ki shafa da kauri ki sa safar hannu ta auduga. Wanki da safar hannu ta roba, ki juya cikinta ta bushe bayan kin gama, don jiƙaƙƙiyar safa ita ma tana ruɓar da gefen farce. Masu gumin shinkafa da masu dashen albasa a fadama, ku ma haka, kuma mai aikin ƙasa da ciwo a hannu ta tabbata ta yi allurar tetanus. Ruwan goge jan farce yana busar da wurin ƙwarai, a rage shi.

In gindin farcen ya wuce mako 6 a kumbure, farcen yana fitowa da gargada, yawan jiƙa ne ya jawo, maganinsa daban ne kuma sai hannu ya huta da ruwa. Kada ki tsorata in farcen ya daɗe bai gyaru ba, kusan milimita 3 yake tsirowa a wata, sabo yakan ɗauki wata 6 kafin ya cika. Ki faɗa mana ko akwai fari a gefen yatsan, da kwana nawa ya yi a kumbure.