Ɗaukar Hoton Yara Masu Naƙasar Fahimta a Gidan Kulawa

Ka tambaya ko izinin shugaban gidan ya wadatar kafin ka fara ɗaukar hotunan rayuwar yaran. Bai wadatar ba. Sashe na 16 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya kare sirrin yaro, saboda haka sai ka nemi rubutaccen izinin iyaye ko mai riƙo, sannan ka lura da yaron kansa, domin wanda bai iya magana ba yakan nuna ƙi ta hanyar kau da fuska ko rufe ido da tafin hannu. Kada ka ɗauke su wurin wanka ko sauya tufafi, kuma ka kashe fitilar kyamara, domin walƙiyarta takan razana wasunsu.