Tambayoyinku: Me ya sa baturen nan ke gasa kwanson harsashi?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah na ga wani dattijon bature a YouTube yana juya bakin kwanson harsashi a wuta, sannan ya matse shi a wani ɗan inji, wai na tsohuwar bindigarsa ne Martini-Henry. Abin ya ɗaure min kai wallahi, ba sayen harsashi ake yi ba? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh ai matsalar kenan, a ina zai saya? Martini-Henry ɗin nan tun 1871 sojojin Ingila suka fara riƙe ta, da ita suka yaƙi Zulu a 1879, harsashinta kuma da ake kira .577/450 an daɗe da daina buga shi da yawa, in ma an samu tsada kamar me. Shi ya sa masu tara tsofaffin bindigogi a Ingila da Amurka suke neman kwanson da gindinsa ya yi kusa da nata, galibi na bindigar harbin tsuntsaye mai lamba 24 wanda kamfanin CBC na Brazil ke yi, sai su tsuke masa baki har ya zama kamar wuyan kwalba.

Maganar wutar kuwa ita ta fi burge ni, domin duk wanda ya taɓa zama wajen maƙeran tagulla a Bida ya san abin nan: tagulla in ana ta bugunta ana lanƙwasawa ƙara tauri take yi har ta tsage, sai an mayar da ita wuta take sakin jiki. Kwanson ma haka yake, kusan kashi 70 jan ƙarfe ne 30 tutiya. Amma fa wuyan kawai suke gasawa, gindin dole ya zauna da taurinsa tunda shi ke tare ƙarfin fashewar, in ya yi laushi fuskar mai harbi ce a gaba. Kuma ba a tashi ɗaya ake tsukewa ba, kaɗan kaɗan ne, mai gaggawa sai dai ya ga kwanso ya yamutse ya tafi shara.

Su kansu sojojin sun sha wuya da kwanson farko, na siririn fallen tagulla ne da aka naɗe, bindiga na yin zafi sai ya maƙale a ciki, haka ya riƙa yi musu a Sudan lokacin yaƙin Mahadi, daga baya aka koma wanda aka zaro daga dunƙulen tagulla guda.

Sai dai ina roƙonka ka tsaya a kallo. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba da lasisi ba, magana ce ta gidan yari. Su ma masu tara bindigogin a can sukan kai tsohuwar bindigar wajen gwani ya duba ƙarfenta tukuna, domin an ƙera ta ne ta ɗauki baƙin albarushi irin na dā, na zamani yana iya tarwatsa ta a hannun mutum.