Amsoshin tambayoyinku: maganin ɗigon ido mai sitiroyid

Wata uwa daga Kurna a Kano ta rubuto: "Ɗana shekararsa 8. Duk hunturu idonsa kan yi ƙaiƙayi, ya yi ja har farin ya koma ruwan ƙasa. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ba ni wani maganin ɗigawa, kwana biyu ido ya washe. Wata biyar ke nan muna ɗigawa, da mun tsaya sai ciwon ya dawo. Hankalina ya tashi."

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, tunda kin farga an yi rabin magani. Ɗauko kwalin ki karanta ƙananan rubutun da ke jiki. In kin ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, to sitiroyid ne. Cikin satin nan ki kai yaron asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, ko na Makkah da ke nan Kano, ko sashen ido na asibitin Murtala, ki tafi da kwalbar, ki gaya wa likita gaskiyar tsawon lokacin da kuka yi kuna ɗigawa, a auna masa ƙarfin ruwan ido. Shi zai tsara yadda za a janye maganin a hankali, ya sauya masa na ƙaiƙayi irin su sodium cromoglycate ko olopatadine. Kafin nan, tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a bisa ido na rage sosa.

A nan dole in tsaya, domin abin nan na ci min tuwo a ƙwarya. Sitiroyid magani ne mai kyau a hannun likita, yana kashe kumburi nan take, kuma wannan saurin nasa shi ke ruɗar mutane. Mai kemis ya miƙo, ja ya tafi, ana ta sa masa albarka. Amma kusan mutum 1 cikin 3, in ya yi sati 4 zuwa 6 yana ɗigawa, ƙarfin ruwan cikin idonsa kan hau, yara kuma sun fi saurin kamuwa. Irin wannan hawan jinin ido ba ya ciwo, ba ya ja, ta gefe yake fara cin gani, kuma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Dogon amfani na kawo yanar ido tun da ƙuruciya. In kuwa akwai gyambo a saman baƙin ido, ko ƙwayar cuta ce ta jawo jan, sitiroyid kan danne garkuwar wurin, ciwo ya ci gaba da ci a ɓoye har ido ya huje. Mai kemis ba shi da na'urar leƙa ido, ba shi da ta auna ƙarfinsa. Da me ya san abin da yake yi wa magani? Ana gudun kuɗin kati da layin asibiti, a ƙarshe a sayar da fili a nemi aiki.

Wani mai a-daidaita-sahu daga Hotoro: "Afolo ta shigo gidanmu. Akwai ragowar Maxitrol da aka ba Baba bayan an cire masa yana bara, mu ɗiga?"

A'a, malam. Da sitiroyid a ciki, kuma kwalbar da ta wuce sati 4 a buɗe ta zama ta shara. Afolo galibi da kanta take tafiya cikin sati ɗaya zuwa biyu. Ku yawaita wanke hannu, kowa da tawul ɗinsa. Ban da nono, ban da ruwan sukari. Wanda gani ya dusashe masa, ko haske ke soka masa ido, a kai shi asibiti ranar.

Wata daga Gwale tana son in faɗa mata ɗigon da zai sa idonta ya yi fari tas ranar kamu.

Ki yi barci, ki rage kallon waya, amarya. Ba na rubuta wa kwalliya magani.

Wani dattijo daga Fagge: "Likita a asibitin Malam Aminu Kano ya rubuta min prednisolone saboda kumburin cikin ido. Na samu mai araha a hannun wani mai tebur a kasuwa, rabin kuɗin famasi. In saya?"

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kai kam likita ne ya rubuta maka, kada maganar da na yi a sama ta tsorata ka, barin irin wannan kumburin ba magani ya fi haɗari. Sai dai ka bar na tebur. Ko na gaske ne, ranar Kano ta gama dafa shi. Ka je famasi mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka tabbata hatimin murfin bai karye ba. Akwai na kamfanoni masu sauƙin kuɗi, ka tambayi mai famasin.

Ka girgiza kwalbar sosai, don ƙwayar maganin kan kwanta a ƙasa. Ka ja fatar ido ta ƙasa, ɗigo ɗaya ya isa, kada bakin kwalbar ya taɓa gashin ido. Ka rufe ido, ka danna lungun da ke kusa da hanci minti ɗaya ko biyu. In da wani maganin, ka ba da tazarar minti 5. Ko ido ya washe kada ka tsaya da kanka, kuma ranar da aka ce ka koma awon ido ka koma, ko da jika ne zai raka ka.